Itatuwan Zara'u Uku

Shekara talatin da biyu na yi ina koyarwa a firamare, kuma duk tsawon lokacin nan ina taƙama da abu ɗaya: yaro bai isa ya yi mini ƙarya in kasa ganewa ba. Ina duban idonsa na san ko shi ya fasa taga. Sai ga shi da na tsufa, wanda na goya da bayana ya zauna a kan kujerata, ya ci tuwon accata, ya dube ni ido cikin ido ya shirga mini ita, ni kuwa na haɗiye har ina sa masa albarka. Abin da ƙaryar ta cinye ma ba nawa ba ne. Amana ce wata mata ta ba ni, sunanta Fatimatuzzahra'u, muna kiranta Zara'u.

Ni sunana Milka. Da na yi ritaya na koma ƙauyenmu a gindin duwatsun Kagoro, rabin awa a kan mashin daga Kafanchan. Mijina Silvanus ya riga ya rasu, 'ya'ya sun watse birane, zaman banza kuma ba ya karɓata. Sai na sayi saniyar madara, irin haɗin nan na shanun Turawa da namu, mai hantsa har kusan ƙasa. Na sa mata suna Hedimasta, saboda ba ta taɓa yin abin da aka ce mata ba, kuma kowa a gidan lokacinta yake bi.

A damina ta biyu hantsarta ta kumbura. Gefe ɗaya ya yi tauri ya ɗauki zafi, in ka taɓa sai ta kai maka harbi. Madarar ta koma ruwa-ruwa da gudaji, wani lokaci har da jini. Likitan dabbobi ya zo daga Kafanchan ya yi allura, ya ce in riƙa zubar da madarar har kwana biyar. Na zubar. Ta samu sauƙi, bayan sati uku ciwon ya dawo. Ya sake allura, na sake zubarwa, ya sake dawowa. A karo na uku mutumin ya gaya mini gaskiya, ya ce ciwon ya fara daina jin maganin, in ban yi sa'a ba wannan gefen zai mutu gaba ɗaya.

Zara'u Bafulatana ce, rugarsu tana hayin rafi, kuma a ƙasar nan aka binne kakanninta kamar yadda aka binne nawa. Ni na koyar da 'ya'yanta maza uku. Shekarar da gari ya rikice biyu daga cikinsu sun yi kwana huɗu a ƙuryar ɗakina, kuma ni da ita ba mu taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Ranar kasuwa takan biyo ta gidana da ƙwaryar nononta, ta sha ruwa, ta yi wa saniyata dariya, ta ce wannan ai ba saniya ba ce, amarya ce da ba ta son rana. A yankinmu, a waɗannan shekarun, irin zumuncinmu ba shi da yawa, kuma mun san haka mu biyun.

Ranar da ta ga hantsar ba ta yi dariya ba. Ta sauke ƙwarya ta tsuguna, ta lallatsa wurin, ta tatsi kaɗan a tafin hannunta ta sansana. Sannan ta ce gobe in na gama aikin safe in sa takalmin gona in jira ta.

Mun yi tafiya ta fi awa ɗaya. Muka bi rafi, muka bar gonakin citta a baya, muka shiga wani kurmi a bayan wani faffaɗan dutse inda ko masu itacen girki ba sa zuwa. A nan ta tsaya gaban wasu itatuwa uku, manya, kowanne sai mutum biyu sun haɗa hannu za su zagaye shi. Sunan itacen ba zan rubuta shi a nan ba. Na yi sakaci da shi sau ɗaya, ya ishe ni.

Ta fito da 'yar wuƙa ta nuna mini yadda ake ɗiba. Faɗin yatsa biyu, tsawon tafin hannu, daga ƙasa zuwa sama, a gefe ɗaya kawai. In ka ɗiba sai ka kwaɓa yumɓu da kashin shanu ka shafe wurin, kuma ba za ka sake taɓa wannan itacen ba sai tabon ya rufe, sai dai ka koma na biyu, sannan na uku. Jikinsu duk tabo ne ƙanana da suka warke. Ta ɗora yatsa a kan wasu ta ce waɗannan na wuƙar mahaifiyarta ne, waɗancan na sama kuma na kakarta, tun itacen bai kai haka ba.

"Mace ɗaya ake nuna wa," in ji ta. "Ni ba ni da 'ya mace, Malama. Duk wanda ya zo neman magani ki ba shi, kada ki hana, kada ki karɓi komai. Amma wurin nan kada ki kawo kowa."

Na tambaye ta dalili, don ni ba a ba ni doka ba tare da bayani ba. Ta ce ba wai mutane mugaye ba ne, gaggawa ce da su. Mai gaggawa zagaye itace yake yi da wuƙa, itacen da aka zagaye kuwa a tsaye yake mutuwa. Na ce mata na ji, na kuma ɗauka, tsakanina da ita da Allah.

A gida ta shanya ɓawon, ta daka, ta haɗa da man kaɗe. Amma kafin a shafa, ta ce, sai an wanke hantsar da ruwan ɗumi an tatse ta tas, sau biyar a yini, ko saniyar tana harbi ko ba ta yi, don rabin maganin a hannun mai tatsa yake. Ta kuma gargaɗe ni cewa in na taɓa hantsa na ji ta yi sanyi, ko na ga ta fara baƙi, in ajiye ƙwarya in ruga wurin likita, ɓawo ba shi da aiki a nan. Kwana shida Hedimasta ta warware. Ko ɓawon ne ya yi, ko tatsar, ko duka biyun, ni malamar firamare ce ba likita ba. Na dai san ciwon bai dawo ba a shekarar.

Shekara biyar ina riƙe da maganar. Sau uku ko huɗu a shekara nakan je kurmin ni kaɗai, in ɗibi yatsa biyu in shafe, in dawo ta wata hanya. Maƙwabta suka san ina da maganin hantsa, ina ba su, ba na gaya musu daga ina. Har fastonmu ya taɓa zolayata a gaban jama'a cewa Malama Milka ta buɗe asibiti ba lasisi.

Sai shekarar da citta ta ruɓe a gona. Wanda bai ga wannan shekarar ba ba zai gane ba: mutum ya haƙa kunya goma ya samu ruwa mai wari. Wata ƙungiya mai ofis a Kaduna ta zo da shirin taimako, ta rarraba wa ƙungiyoyin manoma karsanai irin tawa. Mutanen da iyakar kiwonsu akuya da alade suka wayi gari da saniya mai hantsa kamar bokiti, a ɗaure cikin taɓo, ba su san yadda ake tatse ta har ƙarshe ba. Da damina ta zauna, sai ƙofar gidana ta zama layi.

Wanda ƙungiyar ta turo ya kula da lafiyar shanun kuwa Gershon ne, ɗan ƙanwata Selina. Tana rasuwa na ɗauko shi yana shekara huɗu. Ni na koya masa baƙi, ni na yi masa wanka ranar da aka yi masa baftisma, ni na sayar da keken ɗinkina ya tafi makarantar kiwon dabbobi. Mama yake ce mini, kuma ban taɓa bambanta shi da waɗanda na haifa ba. Ya dawo da farar hula mai tambarin ƙungiya da waya mai girman allo, yana magana rabi Hausa rabi Turanci, ni kuwa ina kallonsa ina jin daɗi kamar ni na zama dokta.

Ya ga yadda shanun da na yi wa magani suke tashi, ya gwada madararsu da wani farantinsa mai rami huɗu, ya girgiza kai. Ya tambaye ni wane itace ne, na ce ba nawa ba ne. Bayan sati ya sake tambaya, ya ce shi ganyen kawai yake so ya gani, ya duba sunansa a littafi, don ya tabbata ba ya cutar da yaran da ke shan madarar. Wannan hujjar ta ɗan shige ni, amma na sake cewa a'a. Na gaya masa komai game da Zara'u da alkawarin, don ya san ba rowa nake yi ba.

Karo na uku ya same ni a mummunan lokaci. Gwiwata ta kumbura, garin ɓawon ya ƙare, saniyar Hellen maƙwabciyata kuma tana tsaye tana nishi da hantsa kamar dutse. Hellen gwauruwa ce mai 'ya'ya biyar, saniyar nan ita ce duk abin da ya rage mata bayan citta. Gershon ya ce zai kai ni a kan mashin har bakin rafi ya riƙe ni mu ƙarasa. Na ce an ce kada in kai kowa.

"Mama, ni ne kowa?" ya ce. "Ni da kika goya? Kawo Littafi in ɗora hannu."

Ban kawo ba, na ce ba a wasa da Littafi Mai Tsarki a kan itace. Amma maganar ta zauna mini. A wurinmu ɗan 'yar'uwarka da ya tashi a ɗakinka hannunka ne, ba a lissafa shi cikin mutanen waje. Na ce wa kaina ai ba kowa na kai ba, kaina na kai. Haka na yi wa dokar Zara'u fassarar da ta dace da gwiwata, ni da na yi shekaru ina dukan yara a kan irin wannan wayon.

A kurmin na nuna masa komai, yatsa biyu, tafin hannu, yumɓu da kashin shanu. Ya tsuguna ya shafe tabon da hannunsa, har na ji ƙwalla ta zo mini. Da ya fito da waya na ce ban yarda da hoto ba. Ya ce ganye ɗaya kawai zai ɗauka, a tafin hannunsa, ba za a ga komai a baya ba. Ya ce, "Wurin nan ya tsaya tsakanina da ke, Mama. Ubangiji shaida." Na dubi idonsa, wannan duban da nake taƙama da shi, ban ga komai ba sai ɗana.

Saniyar Hellen ta tashi. Sati uku bayan haka, ranar Lahadi bayan sujada, muna tsaye a ƙofar coci da matan zumunta, sai ga Hellen ɗin tana ratso mutane da waya a hannu, fuskarta cike da murna.

"Malama, kin ga yaronki? Ya zama babban mutum fa. Kowa yana tura bidiyo nasa."

Na karɓa na sa tabarau. Gershon ne da farar hularsa, a tsaye a gaban itacen tsakiya. Ba ranar da muka je ba ce, rigar daban ce, kuma akwai mai riƙe masa kamara. Ya faɗi sunan itacen da Hausa da Turanci. Ya faɗi sunan rafin, ya ce a bi shi a wuce gonakin citta a zagaya bayan faffaɗan dutse. Ya ce wannan sirri ne na kakanninmu da ya yi bincike ya gano, kyauta ne daga Allah ga talakan manomi. Sannan ya ɗaga adda ya sare ɓawo mai faɗin faranti, ya ɗaga shi sama yana murmushi. Bai shafa yumɓu ba, bai ambaci tatsa ba, bai ambaci likita ba. Minti biyu da rabi ne duka.

Matan suna ta yi mini barka. Ni kuwa na zauna a kan dakalin coci da kayan Lahadi. Ban taɓa jin an ci amanata irin ta ranar ba, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne kakanninmu da ya ce. Kakannin wa? Kakansa Asher ko akuya bai iya tatsa ba. Matan da wuƙarsu ta bar tabo a jikin itacen nan an share su da kalma ɗaya.

Na kira shi a waya, bai ɗauka ba sai karo na huɗu. Ya ce yana taro, in kwantar da hankalina, zai zo ya yi mini bayani. Ya ƙara da cewa ni malama ce, ya kamata in fi kowa sanin ilimi ba abin ɓoyewa ba ne.

Gwiwata ba ta bar ni na je kurmin ba sai bayan kwana tara. Tun daga bakin rafi na ga sawun mashin ya yi hanya a inda da babu hanya. Ledojin ruwa a zube ko'ina. Da na zagaya dutsen sai na ga itatuwan uku farare tas, an feɗe su daga gindi har iyakar inda hannu ke kaiwa, na tsakiyan ma har an kafa masa tsani an hau. An haƙa gindin ɗaya an sare saiwa. Ganyen sama yana nan kore shar, bai san abin da ya faru a ƙasa ba. Na kwaɓa yumɓu na fara shafawa, tsohuwa ita kaɗai a daji tana yaɓe itace kamar bangon ɗaki, har hannuna ya gaji na gane wauta nake yi. Ranar kasuwa ta gaba na ga ɓawon a Kafanchan, a ɗaure dami-dami kusa da layin dogo, wani saurayi yana tallarsa da lasifika, wai yana maganin hantsa da basir da ciwon baya.

Sati biyu ina ɓuya wa Zara'u. In na san lokacin wucewarta ya yi sai in shige bayan gida in yi kamar ina aiki. Daga baya na lura ɓuyar banza nake yi, don ba ta biyo ba ko sau ɗaya. Sai na ɗaura zane na ɗauki sanda na haye rafi.

Ta karɓe ni kamar kullum. Ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura da nono, ta tambayi gwiwa, ta tambayi Hedimasta. Na fara magana, na shirya ta tun a hanya kamar darasi, amma ta ɗaga hannu ta ce ɗanta Jamiluddeen ya nuna mata a waya tun ranar farko, ta kuma je ta gani da idonta. Na jira ta yi faɗa. Wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

"Kin nuna masa yadda ake yanka?" ta tambaya.

"Na nuna masa. Da hannunsa ya shafa yumɓun."

"To," ta ce. Ta turo mini ƙwaryar. "Ɗanki ne, Malama. Sha furarki."

Na ce mata na yi kuskure, na roƙe ta gafara. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta raka ni har bakin rafi, ta riƙe mini sanda na tsallaka, kuma duk hanyar ba mu yi maganar komai ba sai tsadar dusa.

Gershon ya zo ranar Asabar a motar ofis. Ya shigo da fara'a da buhun shinkafa da turmin atamfa, ya durƙusa ya gaishe ni. Na bar shi a durƙushe. Ya yi bayaninsa, kuma ba zan ce duka shirme ba ne. Ya ce shanu sun fi ɗari uku a shirin, alluran sun fara gazawa, mata irin Hellen suna da yawa daga nan har Kauru, ni kaɗai da gwiwa ɗaya ba zan iya ba. Ya ce manyansa suna son shaida ta gani da ido, in ba haka ba za a rufe shirin. Na ce to me ya hana shi dawowa ya faɗa mini haka, mu je wurin mai abin mu roƙe ta tare? Ya ce ya san za ta ƙi. Na tambaye shi dalilin da ya sa ya yi sara da adda bayan na nuna masa yatsa biyu.

"Mama, ƙaramin yanka ba ya fita a kamara," ya ce. "Mun gwada, ba a gani."

Ya ci gaba, ya ce ofis ya amince za a dasa irin itacen guda dubu. Na tambaye shi shekara nawa kafin a iya ɗibar ɓawonsu, ya ce wataƙila sha biyar, wataƙila ashirin. Ya turo atamfar gabana ya ce wannan ta matar Fulanin ce, a ba ta haƙuri. Na ce ya faɗi sunanta. Sau nawa na faɗa masa sunan nan, kuma ya yi aji ɗaya da babban ɗanta. Ya yi ta kame-kame, ya ce Hajiya.

Na ce ya kwashe shinkafarsa da atamfarsa. Na gaya masa ban tsine masa ba kuma ba zan tsine masa ba, don ina jin kunyar Selina a kabarinta, amma ya sani ya yi amfani da goyon da na yi masa ya buɗe ƙofar da ba tawa ba. Ya ce wata rana zan gane. Ya tafi da atamfar, shinkafar kuwa direbansa ya ajiye a ƙofar gida, na aika wa Hellen.

Kafin kaka ganyen itatuwan ya zube. Da rani wani ya sare na farko ya yi gawayi.

Damina ta zagayo. Hedimasta ta tsufa, amma 'yarta ta yi haihuwar fari, kuma kwana goma bayan haihuwar na shiga da safe na tarar hantsarta ta kumbura ta gefen hagu. Na tatsa na ga gudaji. Ba ni da ko ƙwayar gari. Na kira likita, ya ce yana wajen Kajuru, sai jibi. Na dafa ruwa na wanke na tatse, ina yi ina kuka, ba don saniyar kaɗai ba. Aika wa hayin rafi kuwa ban ma bari tunanin ya zauna ba, da wace fuska?

Washegari da hantsi ina tsugune a garke sai na ji sallama. Zara'u ce, ba ƙwarya a kanta, ba ranar kasuwa ba. Ta ce Hellen ta gaya wa matar Jamiluddeen a wurin niƙa. Ta wuce ni ta tsuguna, ta lallatsa hantsar, ta ce da zafinta, ba ta yi sanyi ba, za a iya. Daɗi ya kama ni. Na ce a raina ashe ta huce, ashe abin bai mutu ba.

Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ƙulli. Gari ne, an riga an daka shi lukui, launinsa ja-ja, ba irin wanda na sani ba, ƙamshinsa ma daban. Ashe akwai wani itacen a wani wuri. Na matso in gani, sai ta ce in taimaka mata da ruwan ɗumi. Na tafi kicin da saurina. Kafin in dawo ta riga ta kwaɓa shi da man kaɗen da ta zo da shi, ƙullin ya koma bakin zane.

Kwana biyar tana zuwa, safe da yamma, tana ratsa rafi da ruwa har gwiwa, mace mai shekara sittin da wani abu. Ni ke tatsar tsakiyar rana, ita ke shafa magani. Kullum sai ta aike ni wani abu, ruwa ko tsumma ko igiya, kuma kullum in ta gama ita ke wanke ƙwaryar da kanta, ta kai ruwan wankin bayan garke ta zubar a cikin taɓo ta taka da ƙafa. Ba ta taɓa ɗaure mini fuska ba. Tana ba ni labarin jikokinta, tana yi wa saniyar tsiya. Likita ya zo a rana ta biyu ya duba, ya ce mu ci gaba da abin da muke yi.

A rana ta biyar madara ta fito fara, ba gudaji. Zara'u ta ce wannan shafawar ita ce ta ƙarshe. Ranar na riga na kawo ruwa da tsumma da igiya tun kafin ta iso, babu sauran abin da za a aike ni. Ta duba ta ga haka. Na tsuguna kusa da ita na miƙa hannu in riƙe mata ƙwaryar, kamar yadda muka saba shekara da shekaru. Hannunta yana kan bakin zane, bai kwance ƙullin ba.

"Bari, Malama, gwiwarki," ta ce a hankali. "Je ki tsaya daga can."

Na tashi na je na tsaya a ƙofar garkena, ita kuma ta juya mini baya ta kwance ƙullin.